Bushiya a Ƙirjin Riga

Litinin, 5 ga Maris, 1934. Troyes.
Rigar da na tsara ta fito! Na riƙe ta a hannuna ina ta juyawa kamar baƙauye. Saƙa ce mai ƙananan ramuka da iska ke ratsawa, gajeren hannu, wuya mai laushi, ba ruwanta da sitati. Shekara da shekaru ina buga tanis cikin riga mai dogon hannu sai ka ce ango, in naɗe hannun ya warware, in sake naɗewa. Da waccan tsohuwar na ci kofin ƙasa sau biyu, amma Allah ya sani ban taɓa ƙaunarta ba.
Madam Odile, mai masaƙar, ta tsaya hannu a ƙugu. "To Zakara, sa mana mu gani. Ko sai an yi maka tafi tukuna?" Matar nan ba ta taɓa kallon tanis ba, ba ta kuma jin kunyar faɗa.
A ƙirjin hagu an ɗinka 'yar bushiya. Sunan da 'yan jarida suka laƙaba mini ke nan, wai duk wanda ya matso raga sai na soke shi. Da haushin sunan nake ji. Yau ya yi mini kyau.

Laraba, 21 ga Maris. Paris.
Na sa ta a kulob, na lallasa Gaspard Ferrand, yaron da ake cewa shi zai gaje ni. Ya gama jage-jage da gumi, ni kuwa ko a jikina. A ɗakin canja kaya ya matso yana sosa ƙeya: "Maury, don Allah rigar nan, akwai wata?" Akwai, ɗan nema!

Juma'a, 6 ga Afrilu.
Tsoho Arnoux, shugaban kwamitinmu na tanis, ya kira ni ofis. Bai ko ce in zauna ba.
"Mesiye Maury, telan kirki a ciki yake sa alamarsa, inda ido ba ya gani. Kai ka fito da taka ƙirji kamar mai tallan sabulu."
Dokar dai na san ta tun ina yaro. Tanis wasan 'ya'yan manya ne, don sha'awa ake yi, wanda duk ya ci abinci da sunan da ya samu a fili ya fita daga sahu. Ya ce in zaɓa kafin ƙarshen wata: ko in cire bushiya in zare hannuna daga sana'ar, ko a soke sunana daga gasar ƙasa, bana da har abada.
Na fito a fusace. Ina son kofin nan karo na uku. Ina son sa ƙwarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Lahadi, 8 ga Afrilu. Troyes.
Na ce wa Madam Odile mu cire bushiyar na shekara ɗaya kawai. Tana yanka cuku, ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Cire ta, ta koma singileti. Kafin ka dawo daga wasanka duk masaƙun titin nan sun kwaikwaya, mu kuma mu sallami matan da muka ɗauka aiki." Sai ta nuna ƙafata da wuƙar. "Ita wannan gwiwar da kake ja a matakala, ita za ta ɗauko kofin?"
Na ce mata ba ta san komai game da tanis ba. Ta ce haka ne, amma ta san gurgu in ta gan shi. Ban ci abincinta ba, na tashi.

Alhamis, 12 ga Afrilu.
Gwiwa ta kumbura. Ba wanda zan gaya wa.

Asabar, 28 ga Afrilu. Paris.
Na yi ta! Kwamiti ya zauna, tsofaffi jere da gashin baki, ana jiran in ba da haƙuri. Na tashi na tuɓe kwat na rataye a kujera. Ga bushiya a ƙirji. Wani har gilashin idonsa ya faɗo. Na ce, "Ranku ya daɗe, ga amsata, kuma akwai ta daidai jikin kowannenku."
Arnoux ya yi ja kamar tumatir. An soke sunana nan take. Na sauko matakala ina dariya ni kaɗai har na kai titi. Shi ke nan, ba zan ƙara shiga filin nan da raket ba.

Talata, 15 ga Mayu.
Abin dariya. Dokar ta hana mutum sayar da sunansa, ba ta hana shi sa rigar da ya saya da kuɗinsa ba, in dai fara ce. Ferrand ya gano haka ya baza wa sauran. Yanzu injinan Madam Odile ba sa hutawa, har ta ƙaro mata ma'aikata daga ƙauye. Ta ce mini, "Zakara, ashe kana da amfani."

Laraba, 30 ga Mayu.
Zafi ya sauko wa gasar. Masu rigunan sitati suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙi zuwa kallo. Ba na jin zan iya.

Lahadi, 3 ga Yuni.
Na je wasan ƙarshe. Tikiti na saya kamar kowa, na zauna can sama kusa da wata mata mai cin gyaɗa. Ferrand ne da wani dogon Bature daga Ingila. Da suka tuɓe rigunan sanyi sai ga bushiya nan, ga bushiya can, su biyun duka, a gaban Arnoux da ke zaune a rumfar manya. Na so in yi ihu. Daɗi ya kusa kashe ni.
Sai dai akwai matsala. Duk sanda Ferrand ya ɗaga hannu zai fara bugu, rigar tana ja masa a hammata, gindinta kuma yana fitowa daga wando ta baya. Ta Baturen ba ta yi haka sosai, don shi ba ya miƙewa kamar Ferrand. Ke nan bayan rigar yana son ƙarin tsawo, hammatar kuma a saka mata wani ƙyalle. Ina cikin lissafin yadda za a yanka shi sai na ga jama'a sun miƙe, huluna suna tashi sama.
Na taɓa matar nan na ce, wa ya ci?
Ta dube ni sama da ƙasa. "Ferrand mana! Haba Mesiye, in ba ka san tanis ba me ya kawo ka?"
Na kalli yaron ya ɗaga kofin, na jira in ji zafi a raina, har aka watse ina jira.
Gobe jirgin ƙasa na safe zuwa Troyes. Hammatar nan ba za ta kai mako a haka ba.