Katangar Maƙabartar Mishan

Sana'iya, Doha

Ƙanwata Jael,

Gaisuwa mai yawa. Yaya maigidanki da yara? Yaya jikin Baba?

Saƙonki ya ɓata mini rai. Wai Baba ya ƙi zuwa bikin keɓe katangar da na kewaye maƙabartar mishan da ita. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na sha zafin ƙasar nan a ƙarƙashin motoci har na buɗe garejina, na yi abin da masu digirin garinmu suka kasa, sai ubana ne zai juya mini baya? Ai shi yake ba mu labarin Fada Jan Gemu, limamin mishan na da, yadda ya kawo makaranta da asibiti barikin kuza, ya tsaya wa Turawan kamfani sai da suka bar lebura ya huta ran Lahadi. Ki tambayar mini shi laifina.

Yayanki,
Absalom

Jael ƙanwata,

Ina fata kuna lafiya. Amsarki ta iso, na karanta.

Me ya sa ba a taɓa gaya mana ba? Ashe ran Lahadi rami ya rufta da kakanmu, yana haƙar kuza a ɓoye saboda yunwa, Fada kuma ya hana a binne shi a ƙasar coci, aka sa shi a gefe ba gicciye. Da yake babu shinge, kaburbura suka yi ta yaɗuwa har suka kewaye shi, Baba ya samu sanyin zuciya. Sai ga maginina ya bi tsoffin duwatsun iyakar Fada. Da gumina na sake fitar da kakana waje.

Yanzu kin ce Baba ya yi wasiyya a binne shi waje kusa da ubansa, alhali kabarin Mama yana ciki. Wannan ba zan iya ɗauka ba.

Na kira Fadan yanzu, ya yarda a rushe ɓangaren gabas a matsar da shi. Magini ya ce allon dutsen da ke ɗauke da sunana yana jikin wannan ɓangaren, kuma zai fashe. To, bari ya fashe. Ni ba zan samu hutu ba sai Disamba, kuma kin ce numfashin Baba yana sarƙewa. Ku fara gobe. Ko a kujera ne, ku ɗauke shi ya ga guduma ta farko da idonsa.

Ki gaishe shi, ko da ba zai amsa ba.

Yayanki,
Absalom