Sun Kifar da Jirginka, Baba

Zuwa ga surukina, Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ta 'yarka Amina, da ta matarka Mama. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko lokacin da kake raye rubutun ƙasarku ma bai taɓa shiga kanka ba, balle Hausa. Amma abin da ke cina ya ƙi fita ta baki, shi ya sa na ɗauki biro.

Kowa lafiya. Kasuwa ce dai sai a hankali. Wasannin Olamfik a can Beijing za a yi su, amma ko mu nan Guangzhou ba a bar mu mun sarara ba. Ko'ina fenti, ko'ina shara, mu baƙaƙe kuma ko'ina a ce ka nuna fasfo. Rabin 'yan Kano da muke lodi tare a kasuwar Canaan sun koma gida don an ƙi sabunta musu biza.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Maganar jirginka ce.

Ka tuna bakin rafin nan na kudancin gari inda kake ɗaure shi? Bayan rasuwarka an share wurin, an shimfiɗa hanyar shan iska a bakin ruwa, an dasa itatuwa da furanni don masu yawo da masu keke. Wata rana ma'aikata suka zo wurin Mama, tare da wani mai zane-zane da ya tara suma har kafaɗa. Suka ce za a karrama mutanen ruwa, tunda ku ne 'yan asalin wannan gaɓa, ku kuka rayu a kan jirage tun kaka da kakanni. Suka roƙi jirginka don a ajiye shi a kan hanyar, jikoki su gani. Mama ta yi kukan murna. Ita da ta sha ba mu labarin yadda a zamanin iyayenta ba a barin mutumin ruwa ya sa takalmi in ya taka tudu, yau ga mutanen tudu sun zo da kansu suna durƙusa mata. Ta ba su, ko sisi ba ta karɓa ba.

Ni na fara zuwa na gani kafin a buɗe. Baba, da ma ban je ba.

Sun kifar da shi. Sun ɗaga shi sama a kan ƙarafa, cikinsa na kallon ƙasa, sun mai da shi rumfa, an jera benci a ƙarƙashi. Sun shafe shi da jan fenti mai ƙyalli, sun huhhuda gindinsa sun zura wayoyi da ƙananan fitilu. Gindin nan da kake wuni kana liƙe wa da hannunka, ba ka yarda ko allura ta wuce! A gefe sun kafa mutum-mutumin wani ƙaton masunci, ƙirji kamar ɗan dambe, ya washe haƙora yana dariya. Ina suka taɓa ganin mutumin ruwa da wannan ƙiba? Kai da na sani, ƙafafunka sun lanƙwashe saboda zaman jirgi, haƙoranka kuwa ba su kai a yi gwaninta da su ba.

Kuma ka san me? Sauran iyalan da suke kwana a ruwa a wurin, duk an tashe su, wai shanyar tsummokaransu tana ɓata wa masu yawo gani. An kori masu rai, an kafa na siminti. In wannan ba kitso da kwarkwata ba ne, to mene ne? Wallahi sai da na koma gefe na tofar da miyau.

Ka tuna ranar da na fara cin abinci a cikin jirgin nan, lokacin da nake neman Amina? Na cinye gefe ɗaya na kifin, na kai hannu zan juya shi, sai ka buge min hannu da tsinken cin abinci. Ga zafi ga kunya, ga shi a al'adarmu ko zama ci da suruki ba a yi. Daga baya Amina ta fahimtar da ni cewa mutumin ruwa ba ya juya kifi a faranti, ba ya kife kwano, ba ya kife cokali, don jirgi ba ya kifewa sai da gawa. Na ce camfi ne, na yi ta tsokanarka da shi shekara da shekaru, kana yi min dariya kana zare ƙayar ta sama a hankali, ka ci na ƙasa ba tare da ka motsa shi ba. To mutanen da ko cokali ba sa kifewa, su aka kifar wa jirgi don a girmama su. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mun je ofishin ma'aikatan nan ni da Amina. Aka ce mana shugaba meiyou, wato ba ya nan. Muka koma, meiyou. A ƙarshe muka samu mai sumar nan. Ya yi mana bayani da fara'a cewa kifewar tana nuna jirgi ya gama aiki ya huta. Amina ta tambaye shi ko ya taɓa tambayar mutumin ruwa ko ɗaya, ya ce ya karanta littattafai a kanku. Da na fara ɗaga murya sai wani ma'aikaci ya matso ya ce in nuna fasfo, ya daɗe yana duban ranar ƙarewar bizata. Na yi tsit. Alhaji Mamman na Maraɗi, abokina, ya ja ni gefe bayan Juma'a a masallacin Huaisheng ya ce baƙo raɓa ne, in na yi wasa za a raba ni da iyalina a kan katako. Gaskiya ya faɗa, amma har yau in na tuna shirun da na yi sai in ji na tsani kaina.

Mun so mu ɓoye wa Mama, amma ta yaya? Ita ce babbar baƙuwa ranar buɗewa, har an ce za ta rera irin waƙoƙinku na ruwa a ƙarƙashinsa. Amina ta yi ta kewaye-kewaye ta kasa faɗa. Mama ta sa baƙar rigarta ta biki da faffadar hularta, muka tafi. Daga kwanar hanya ta hango shi. Ta tsaya. A cikin jirgin nan ta haifi 'ya'yanta duka, a ciki ka yi jinyarka ta ƙarshe. Ga makaɗa, ga masu ɗaukar hoto, ga 'yan mata an sa musu kayan mutanen ruwa sababbi fil suna rawa. Ba ta yi kuka ba. Ta juya, muka bi ta har gidanta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ni ma ɗan ruwa ne, ɗan sarkawa daga Yawuri. A kan gora na koyi iyo, kamar yadda kuke ɗaura wa yaranku a baya. Na ɗauka in na ce ni ɗan kasuwa ne kawai za ka fi ganin girmana. Ashe kai kaɗai ne a garin nan da zai gane. Kuma ban taɓa kiranka Baba a gabanka ba, kunya ta hana ni. Ga shi yau na cika takarda da shi, yaushe zai ishe ka?

Da yamma a ranar, Mama ta dafa kifi kamar kullum. Muka zauna, muka cinye gefe ɗaya. Na kai tsinke zan zare ƙayar yadda ka koya min, sai ta riga ni. Ta sa nata tsinken a ƙarƙashin kifin, ta juya shi. Amina ta ajiye kwanonta. Mama ta ce mu ci, ai yanzu ba mu da kowa a kan ruwa.

Na kasa ci, Baba. Ni da na ce camfi ne.

Sai wata rana. A gidana dai, muddin ina numfashi, ba za a juya kifi ba.

Naka,
Garba, surukinka, ɗan ruwa kamarka.