Tawadar da Inna Ta Shafa wa Aisa a Farce

Tanti mai shawara, salamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, na gaji da tunani. Ni tela ne a Lazaret, ban yi lakwal mai nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ranar Talata da safe na fito zan tafi shago, sai na ga Inna, mahaifiyata, zaune bakin murhu ta fasa bik, wato biro, tana shafa tawadar a farcen ƙaramin yatsan Aisa, tana hura masa iska ya bushe. Aisa ƴar yayata Halimatou ce, shekararta goma sha ɗaya, mu ke riƙonta tun rasuwar uwarta. A ranar ne masu rigakafi za su shigo layinmu. An ce wani tallafi ya zo, ana yi wa ƴan mata allurar kariya daga ciwon dajin bakin mahaifa, kyauta, har da irinmu da ba mu da takardar komai. Inna ta daɗe da lura, tun zamanin ɗigon shan inna, cewa yaron da aka gani da tawada a farce ba a tsayawa kansa, don alama ce an riga an yi masa. Haka kuwa aka yi. Mai rigakafin ta duba yatsan, ta ce madalla, ta wuce. Ni ina tsaye da almakashi a hannu, ina kallo har ta fita.

Inna ba muguwa ba ce. A gidan suna ta ji wai allurar tana hana haihuwa, ita kuma Aisa kaɗai Halimatou ta bari. Abin da ke cina shi ne, wannan ciwon ne ya kashe Halimatou. Ni na yi jinyarta wata bakwai, ni likita ya kira gefe ya faɗa wa sunan ciwon. Da na komo gida na kasa furta kalmar mahaifa a gaban uwata, na ce ciwon ciki ne. Shekara uku ke nan a haka take sani.

An ce Asabar masu rigakafin za su tashi daga unguwar. In kai yarinyar a ɓoye? Ban taɓa saɓa wa Inna ba. Kuma ba ƙarya nake mata ba, Fatuma maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta, ta gani da idonta, ita ma ta yi shiru.

Tela Mai Haƙuri, Lazaret

Ɗana Tela,

Allah ya jiƙan Halimatou. Kai da Inna abu ɗaya kuke so, Aisa ta rayu ta ga ƴaƴanta. Bambancin kawai, kai ka san abin da ita ba ta sani ba, kuma kai ka ɓoye mata. Kunyarka tarbiyya ce, amma yanzu ta fara yi wa yarinya tsada.

Kar ka kai ta a ɓoye. Aisa za ta faɗa, hannu ma zai iya yin tsami, Inna kuma ba za ta ƙara yarda da kai kan maganar likita ba. Abin da bakinka ya kasa, bakin mace zai iya. Ka sami Fatuma yau, ka gaya mata sunan ciwon, ta zauna da Inna, kai kana bakin ƙofa don ka ce haka ne, kuma ka roƙi gafara. Gobe ku je likitar unguwa, wato asibiti, kai da Inna da Aisa, Inna ta yi wa ungozoma tambayarta da kanta. Za ta ji cewa allurar ba ta hana haihuwa, mahaifar ma take karewa. Ko masu zagaye sun tashi, ku tambayi inda za a same ta.

Inna za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarka ba. Ka jure. Amma tawadar nan kar ka goge ta. Ka bari wadda ta shafa ta ɗauko sabulu da hannunta.

Allah ya raya Aisa, ya huta da gajiyarka.

Tanti Nana