Miyar Ranar Zaɓen Gi-tae

Litinin, 20 ga Nuwamba
Malamar ajin yaƙi da jahilci ta ce mu riƙa rubuta abin da ke ranmu kullum. To. Jikata Da-on lafiya lau. Uwarta tana fama da mura. Gwiwata ta hagu tana nan yadda take. Ɗana Gi-tae ya ce lafiyarsa ƙalau, amma na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa.
Zai sake tsayawa takarar shugabancin ƙungiyar masu haɗa bututu ta nan Yeosu. Karo na uku ke nan. 

Laraba, 22 ga Nuwamba
Ba na so ya ci. Na rubuta, ba wanda zai gani.
Shekara goma sha takwas ya yi yana hawa saman ƙarafa a matatun mai, kullum gabana na faɗuwa. Da ya koma ofishin ƙungiya na ce na huta. Ina! Yajin aikin farko ya kai shi gidan yari wata takwas. Ni na tsaya a bakin ƙofa ranar da ya fito, da farar awarar da ake ba wanda aka sako. Shekarata saba'in da tara. Ba zan iya sake tsayuwar nan ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Na duba kalanda da kaina. Ranar haihuwarsa ta lissafin wata ta faɗo ranar zaɓe, Alhamis mai zuwa. A al'adarmu dole a sha miyar ganyen teku ranar haihuwa, amma wa ke shanta ranar jarrabawa ko zaɓe? An ce santsinta sai ya zamar da mutum ya faɗi.
Na faɗa wa ƙawata Mal-sun a aji. Ta ƙura mini ido.
"Ke tsohuwar nan, ɗanki za ki kayar da ludayi?"
Na ce ai uwa ce ke dafa wa ɗanta miya, ina laifi?
Na sayi ganyen a hanyar gida. Mai kauri.

Lahadi, 26 ga Nuwamba
Gwiwa. Ban fita ba.

Talata, 28 ga Nuwamba
Tsoho Chu ya zo da lemo. Abokin aikin marigayi mijina ne, har yanzu yana riƙe da sifana, ya ce ƙungiya ta hana a kori mutum don furfura.
Ya ciro wani jan kati daga aljihu. "Matar yaya, an ce kin zama 'yar boko. Karanta mu ji."
Na bi da yatsa. Kada a yanka bututun nan sai an auna iskar cikinsa, mutum biyu sun sa hannu.
Ya ce shekara shida Gi-tae ya yi yana rigima kafin a yarda da katin. A bazarar da ta wuce mai kula da aiki ya matsa wa shi Chu ya yanka wani tsohon bututu. Ya ce ba kati, ba yanka. Aka zage shi tas. Da aka auna, gas ne cike.
"Da yanzu ina can muna shan giya da mijinki."
Na ce ai da ya kore ka don surutu. Muka yi dariya. Da ya tafi na zauna a ƙasa.
Irin bututun nan ne ya tafi da baban Gi-tae. Gi-tae yana ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin. Bai taɓa ba ni labarin katin ba.

Alhamis, 30 ga Nuwamba
Na jiƙa ganyen da safe, ya kumbura ya cika kwano. Na dafa da nama da man riɗi. Gi-tae ya biyo kafin ya wuce wurin zaɓe. Ya shaƙi ƙamshin, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu. Ya gane.
"Umma, zuba mini. Abin da kika dafa zan sha."
Na ce wa ya ce taka ce? Ni na yi naƙudar, ni zan sha abata. Na tura masa wainar shinkafa mai danƙo da na sayo jiya, wadda ake ci don nasara ta manne wa mutum. Ya ci uku bai ɗago kai ba.
Mal-sun ta zo ta sha kwano biyu, ba ta yi mini tsiya ba. Abin mamaki.

Asabar, 2 ga Disamba
Gi-tae ne a gaba, amma bai kai rabin ƙuri'u ba. Za a sake ranar Alhamis tsakanin mutum biyu.
Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Shinkafa ce kawai ta yi yawa a gidan nan, kada ta lalace. Na rubuta masa takarda, ta farko da hannuna, Maman Da-on za ta kai masa:
Baban Da-on, mutum nawa ne ke yi maka yawon neman ƙuri'a? Zan sa a yi musu waina mai danƙo. Ka ƙirga da tsoho Chu. Mai injin niƙa yana son sani da wuri, ka ba ni amsa kafin Talata. Ka ci abinci.