Daddawar Batso a Bobiel

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ni ce Zuwaira, autarki, nake rubuto miki daga Yamai. Da kina raye sai in zauna gabanki in karanta, kina katse ni da gyara a kowace gaɓa. Yau babu mai katse ni, sai ki saurara har ƙarshe, don ƙarar mijinki na kawo.

Bayan sadakar arba'in ɗinki, ni da Yaya Hamisu muka ɗauko Baba daga ƙauye, tunda gidan ba kowa, ba mai ɗora masa ko ruwan zafi. Yaya yana Zongo a matse, shi da iyali da kayan shago, don haka Baba ya sauka wurina a unguwar Bobiel. Na gyara masa ɗaki, na sa katifa sabuwa fil. Ya yi godiya, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa.

Abinci ne ya gagara, Inna. Na yi shinkafa, na yi makaroni, na yi dambun kopto, wato na zogale, irin na mutanen nan. Loma biyu sai ya ce alhamdulillahi ya wanke hannu. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Likita ya duba bai ga komai ba, muka dawo daga farmasi da siro, maganin sha na buɗe ciki, cikin ya ƙi buɗuwa. Sai Baba ya ɗaure jakarsa ya ajiye bayan ƙofa, ya ce da an gama girbi gida zai koma. Kin san ciwon ƙafarsa, kin san taurin kansa. In ya tafi shi kaɗai zai zauna a gidan, kuma tsorona ke nan, in rasa ku duka biyu a shekara ɗaya.

Na tuƙa tuwon gero da miyar kuka, na ce yau dai na kama shi. Ya shinshina, ya dube ni, ya ci don kunya. A wannan duban na gane abin da babu. Miyarki ba ta taɓa sanin dunƙulen magi na butiki ba, daddawar batso ce ƙashin bayanta, kuma ba ki taɓa sayenta ba. Na sayo ta kasuwa, ya ture kwanon da bayan hannu.

Ina tuna lokacin kaka a gida. Muna gasa tumu bakin gona muna murzawa da zafinsa, ke kina can kan iyaka kina tsinkar yakuwa. Ganyen a shanya don miyar rani, furen daban, gurguzun kuwa, ƙwayar yakuwar, ki sheƙe shi ki zuba a tulu ki liƙe bakin da laka. Wanda ya taɓa tulun nan ya san sauran.

Ranar daddawa tun hantsi tukunya take wuta har rana ta yi sanyi. Kina zaune gefen murhu da kaba a cinya, kina saƙar faifai, ja da baƙi, ido ɗaya kan basilla ɗaya kan wuta. In kin juye kin rufe kin kai ƙuryar ɗaki, sai ki ja mana kunne: "Kada wadda ta leƙa mini. Hanci zai gaya muku in ta yi."

Na ce ai a gabana aka yi, zan iya. Na sayo gurguzu, na wanke, na ɗora kan gaz. Sai na tuna kina zuba ruwan toka, ga shi gidan gaz ba ya toka. Wata abokiyar aikina ta ce ai kanwa ma ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, Inna. Abin da ya fito ko kajin maƙwabta sun ƙi shi. Na san da kina nan sai kin yi dariya har ɗankwalinki ya zame.

Ban karaya ba, ƴarki ce ni. Can ƙarshen unguwarmu, tsakanin gine-ginen da ba a gama ba, har yanzu akwai masu noma ƴan gonaki. Na tashi daga aiki da leshina da takalmi mai tsini, na je na roƙi wani dattijo karan gero. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaure mini dami, na ɗauko a ka har gida. Matan layinmu da suka saba ce mini Madam suka fito kallo, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya ban sauke ba.

Na ƙona karan a tsakar gida, na huda gindin tsohuwar tukunya, na shimfiɗa tsumma, na tarari ruwan tokar yadda kike yi, ɗigo bayan ɗigo. Na ɗanɗana a harshe, ta cije ni daidai. Wannan karon a kan itace na dafa, na rufe da faifanki da na taho da shi, kuma wallahi ban leƙa ba.

Da ta fara yi, unguwa ta sani. Maigidana ya tuna yana da zumunci a unguwar Dar es Salam, can ya riƙa cin abincin rana. Maƙwabciyata Bazabarma ta leƙo ta katanga za ta yi faɗa, ta ja iska sau ɗaya, sai ta ce ashe mari-bi nake yi, wato daddawar batso da yarensu, a ajiye mata nata. Ni kuwa warin nan daɗi ya yi mini, don tun rasuwarki ban ji ki kusa haka ba.

Ranar daka, ina cikin luguden taɓarya, sai ga Baba ya fito da sandarsa. Ya zauna kan wani turmi da ke kife yana kallo har na dunƙula na jera a rana.

Da ta bushe na kaɗa miyar kuka. Inna, mijinki ya cinye tuwon nan tas, ya suɗe kwano da yatsa. Sannan ya gyara zama ya sanar da ni cewa taki ta fi, wai gurguzun kasuwa tsoho ne, ba shi da rai. Na ce na ji. Ban yi musu ba, don mai ƙorafi da cikakken ciki ne.

Washegari na hango shi a filin bayan gidanmu, yana caccakar ƙasa da sanda yana murzawa a tafin hannu. Da Yaya ya zo gaisuwa, Baba ya ce masa a aika da direban motar garinmu ya taho masa da hauyarsa, da tulunki na iri da ke ƙarƙashin rumbu, shi zai shuka mini yakuwar kirki da ruwan fari. Yaya ya ce to, bai gane ba. Ni na gane, don tsakaninmu da ruwan fari akwai rani guda cur. Na shige madafa na yi kukana na daɗi, sannan na fito na ɗora ruwan tuwo.

Ki kwantar da hankalinki, yana hannuna, kuma yana ci. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowace tukunya da kika ɗora dominmu. Allah Ya ba Baba lafiyar da zai ga yakuwarsa ta yi fure, Ya haɗa mu da ke a gidan da ba rabuwa.

Taki har kullum,
Zuwaira