Mu Ce Babu Sabis

Litinin, 3 ga Maris

Manajan bankinmu ya tara mu kashiyoyi kafin a buɗe ƙofa. Ya ce daga yau duk wanda ya zo cire kuɗi mai kauri, mu ce masa babu sabis. Na ce, yallaɓai, ai sabis ƙalau yake. Ya harare ni, ya shige ofishinsa.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ya kira daga ƙasar da yake aiki. Kamar kullum, sai yabon bankunansu. Wai a waya ake buɗe asusu kafin shayi ya huce, mai gyaran takalmi ma kati yake karɓa, in banki ya rushe hukuma ce ke biyan mutane. Na tuna masa wata shida da ya yi suna korarsa don ba shi da takardar adireshi. Ya yi dariya. "To ku a nan, in naku ya rushe, wa zai biya?" Na ce cajina ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 6 ga Maris

Motar da ke kawo mana kuɗi ba ta zo ba.

Asabar, 8 ga Maris

Goggo ta zo gida. Ranar sha takwas za a yi mata aikin ido, asibiti kuma sai an biya tukuna. Ni ce bara na dame ta har ta kwaso abin da ta tara na ɗinki ta kawo bankinmu. Ni na cike mata fom, na riƙe yatsanta ta dangwala. Ta ce, "Talata zan zo wajenki, 'yar nan, kada ki bar ni a layi da wannan idon."

Na ce to.

Talata, 11 ga Maris

Ta zo. Mutum bakwai ne a gabanta, duk na sallame su da maganar sabis, tana ji. Manaja na tsaye a bayana, har numfashinsa nake ji. Da ta iso ta miƙo littafin ajiyarta tana murmushi.

"Goggo, babu sabis."

Ta matso da fuskarta jikin gilashi, tana neman tawa da idon nan mai kyau. "To Allah ya kawo shi," ta ce. Da ma zagina ta yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Dogo mai gadi ya taɓa zama a ƙasar da ke maƙwabtaka da mu. Ya ce a can ma haka aka fara: motar kuɗi ta daina zuwa, sai wata Juma'a aka rufe, ran Litinin mutane suka tarar da kwaɗo da takarda a ƙofa. Yana faɗa yana leƙen titi.

An kwashe kwamfutoci uku zuwa hedikwata. Wai gyara.

Litinin, 17 ga Maris

An buɗe. Layi har bakin titi, kuma ba mai hira. Shirun ne ya fi ba ni tsoro. Goggo ta sa an ɗage aikin idon, ba ta ma gaya mini ba, a bakin Mama na ji.

Na faɗi maganar sabis sau arba'in ko fiye, muryata ko rawa ba ta yi ba. Da aka tashi na fita ta ƙofar baya, na cire katin aiki daga wuyana na cusa can ƙasan jaka kafin in hau bas. Igiyar ce ke cin wuyana, ba wani abu ba.