Waliyyin Shataletale

Ras Karmus, ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga yayana Lutfi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Munira da su Nizar. Allah Ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, kuma gwiwar ta gaske nake nufi, wadda Munira ta ce tana hana ka barci tun da ka koma shimfiɗa tayil a gidajen mutanen Liyon can Faransa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Sukarin Ummi ya sauka. Likita ya ce maganinsa ne ya yi aiki, ita kuma ta ce ganyen zaitun ɗin da take dafawa ne, ni dai na bar su kowa da nasararsa. Matar Hisham ɗan kawu ta sauka lafiya, an samu mace. An yi ruwan farko, zaitun bana ba laifi. Ni kuma ina nan a makarantar, ina koya wa yara taswirar gaɓar tekun da take canzawa kafin a buga littafin.

Na zaɓi rubutu a kan waya saboda dalili biyu. Kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, Ummi kuma kunnenta da ya mutu a kan komai yakan farfaɗo da zarar ta ji sunanka. Maganar 'yarka Sirin ce. Tun da ta gama jami'a kake matsa mini in shawo kanta ta biyo ku, ni kuma kullum in ce maka ba za ta bar tudun yashin nan na bakin teku ba. Kai kuma ka ce wane irin mutum ne zai ƙi Faransa saboda tarin yashi. To ga labarin tarin yashin, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Ka san yadda garin ya koma tun da aka buɗe sabon titi. Mutanen Tunis sun gina gidajen hutu har bakin maƙabarta, suna zuwa lokacin zafi, suna gaishe mu da fara'a irin wadda ake yi wa kayan ado. Bara wani kamfani ya saye gonakin ɓauren da ke bayan tudu, sai aka wayi gari an kafa allo mai hoton otal da mutane farare tas suna dariya. A hoton babu tudu. Teku ce kawai ta zo har ƙofar ɗakunan, ta tsaya cikin ladabi. 'Yarka da abokanta, yawancinsu ɗalibaina ne na da, sun riga sun ɗauki shekaru suna kafa shingen rassan dabino a kan tudun don ya riƙe yashi, suna dasa ciyawa, suna kwashe robobi. Kada ka ɗauka masu ihu ne da ba su son kowa ya ci abinci. Sun san Hisham ɗan kawu yana buƙatar aiki, sun san rabin samarin garin idonsu na kan kwalekwalen tsallakawa Italiya. Abin da suka nema shi ne a ja ginin baya zuwa ƙetaren hanya, a yi gadar katako ta bi ta saman tudu zuwa ruwa, a bar yashin ya ci gaba da tsare unguwarmu daga iskar gabas. Sirin ta zana komai da hannunta. Na duba, kuma ka san ba na yabo da arha, aikin ya yi kyau.

Majalisar gari ta karɓe su hannu biyu. An ba su shayi da gyaɗar almond a ciki, an ɗauki hoto, shugaban ya ce su ne manyan gobe, ya miƙa musu lambar yabo a cikin akwati mai jan ƙyalle. Tun daga ranar na gane an gama da su, don a garin nan ba a karrama mutum sai an tabbatar ba zai iya komai ba. Sun kai ƙara kotu, kotu ta sa rana, ranar ta zo aka sake sa wata. Katafila kuwa ba ta jiran rana. Farkon bazara aka sauke ta a gindin tudu.

Nan ne yaran suka yi abin da har yanzu ban san ko in yi dariya ko in yi kuka a kansa ba. Ka tuna ɗakin nan mai ƙubba da ke saman tudu, wanda mata ke sauya kaya a ciki a kwanakin Awussu, idan zafi ya kai maƙura suka sauka teku da asuba don neman lafiya? Wanda Ummi ta taɓa bin ka da takalmi don ka leƙa? Rufinsa ya tsage, awaki ne ke kwana ciki. Wani yaro cikinsu, Gassan, mai karatun lauya, ya ce ya lura doka ba ta tsorata kowa, amma bai taɓa ganin direban da ya yarda ya taka kabarin waliyyi ba. Sai suka share ɗakin, suka shafe shi da farar ƙasa, suka yi wa ƙofar koren fenti, suka ɗaura tsummoki a itacen da ke gefe. Suka raɗa masa suna Sidi Bu Ramla, wato mai yashi. Yaran da suka yi shekaru suna yi mini gardama a aji cewa ziyarar kushewa ci baya ne, su ne na gani suna jera kyandir. Na tambayi Sirin ko a wace shekara waliyyin nata ya rasu, ta ce, “Gwaggo, ke dai ki zo da kuskus ranar Juma'a, tarihi ya biyo baya.”

Na ɗauka Ummi za ta tona su, don babu wanda ya fi ta sanin ɗakin. Ta ce mini kakanmu ne ya gina shi da hannunsa, kuma abin da aka taɓa binnewa a wurin bai wuce ƙayar kifi ba. Ta faɗi haka tana tankaɗe garin kuskus ɗin ziyarar. Ta ce ƙarya ce, Allah Ya yafe musu, amma a miƙo mata babbar tukunya. Liman ya yi huɗuba mai zafi a kan shirka, kuma gaskiya ya faɗa, ban ga abin musu a ciki ba. Sai dai na lura a tsawon rikicin nan bai taɓa samun Juma'ar da zai yi magana a kan cin ƙasar jama'a ba. Wataƙila Juma'o'in sun yi masa kaɗan.

Abin mamaki, Yaya, dabarar ta ci. Tsofaffin mata suka fara hawa tudu. Wata daga ƙauyen sama ta rantse kakarta ta sha ba ta labarin Sidi Bu Ramla, har ta san yana da jan gemu. Wata ta ce ciwon bayanta ya tafi. Hisham, wanda kamfanin ya ɗauka tuƙin katafila, ya san komai sarai, shi ya ara musu tsani ma. Amma da aka ce ya tayar da inji sai ya ce wa shugaban aikin matarsa na da tsohon ciki, shi ba zai gwada ba. Da na tsokane shi na ce ai da tsaninsa aka yi waliyyin, sai ya ce, “Najat, na sani. Amma in waliyyi ya tashi kama mutum, tsani zai tambaya?” Aka kawo direba daga kudu, ya ga kyandir da tsummoki, ya sha shayi, ya koma. Duk bazarar nan katafila na zaune tana tsatsa, yara na wasa a cikin cokalinta. Ban taɓa ganin 'yarka da haske irin na lokacin ba. Ta yi baƙi, ta rame, tana cin abinci a tsaye. Awussun bana mata sun sauka ruwa a bayan tudu kamar da, ta riƙe hannun Ummi har ruwa ya kai musu ƙirji, tsohuwa na zaginta tana dariya.

Sai kamfanin ya aiko da wani matashi mai laushin murya, wanda ya yi karatu a waje, irin mutanen da ke sauraronka har ka ji kunyar kanka. Ya hau tudu, ya cire takalmi a ƙofar ɗakin, ya sa kuɗi a akwatin sadaka. Ya ce kamfaninsu na girmama al'adun mutane, ba za a taɓa ko dutse ɗaya na waliyyi ba. Kuma ya cika alkawari. Suka kewaye ɗakin da katangar siminti, suka bar masa ɗan yashin da yake tsaye a kai, suka kira malamai daga wani gari aka yi sauka, aka yanka rago, aka nemi izinin Sidi Bu Ramla. Ga dukkan alamu ya bayar. Da direbobi suka ga an yi masa sadaka kuma ba shi za su taka ba, sai hankalinsu ya kwanta. Hisham ne ya fara, kansa a sunkuye, ga jaririya a gida. Tudun da ya fi kakanninmu tsufa bai yi musu mako biyu ba. Manyan motoci suka kwashe yashin, aka ce da shi za a kwaɓa simintin otal ɗin, ka ga ba a yi asara ba.

Yanzu ɗakin na tsaye shi kaɗai a tsakiyar shataletale, a ƙofar shiga, an sa masa fitilu masu haskowa daga ƙasa. An sauya allon. Sunan wurin yanzu Masaukin Sidi Bu Ramla, a ƙasa kuma an rubuta cewa gini ne mai mutunta muhalli da gadon kakanni. Kalmomin na Sirin ne, daga takardar da suka kai majalisa aka kwafe su, har da waƙafin da na gyara mata. Sun ma yi mata tayin aiki, jami'ar kula da muhalli, da ofis mai kallon teku. Ta ƙi. Gassan ya karɓa. Ban zarge shi ba, mahaifinsa na kwance, sai dai yanzu idan ya hango ni a kasuwa yakan tsaya ya ƙura wa tumatir ido kamar zai yi jarrabawa a kansa.

Yaran ba su da bakin magana. In sun ce waliyyin ƙarya ne, sun zama maƙaryatan da suka yi wasa da addini, kuma matan da suka hau tudu da zuciya ɗaya ba za su yafe musu ba. In sun ce gaskiya ne, ga shi nan an karrama shi fiye da yadda suka yi. Kotu ta zauna a makon jiya, alƙali ya ce tun da abin da ake ƙara a kansa babu shi, babu abin saurare. Ni na san dalilin komai, zan iya zana maka a allo yadda ruwa zai ci gaɓar shekara bayan shekara, da kibiyoyi masu launi. Iyakar abin da karatuna ya iya ke nan. Da aka yi iskar gabas ta farko, gishiri ya zo har tagar kicin, kuma yanzu daga kan gadon Ummi ana ganin teku. Baƙi sun ce mun yi sa'a, gidanmu ya yi daraja.

Sirin ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta kwashe zane-zanenta ta ba mai sayar da soyayyen kifi ya riƙa naɗi da su. Ta yi kwanaki tana barci har azahar. Shekaranjiya muna wanke kwanuka, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Gwaggo, ki ce wa Baba ya turo takardun.” Na buɗe baki in ce mata ta dakata, akwai sauran gaɓa, akwai tafkin da ke arewa da ba su kai gare shi ba tukuna. Sai na tuna ni ce zan tsaya in kalle ta tana sake yin wata bazarar irin wannan, na ci gaba da ɗauraya.

Saboda haka ka samu abin da kake so, Yaya, ka fara shirin takardu. Roƙona ɗaya ne. Idan ka je tarbarta, kada ka ce ai ka faɗa. Kada ka ce mata a can ma akwai ƙungiyoyin masu son itatuwa. Kada Munira ta ce ta rame. Ku ba ta ɗaki, ku bar ta. Wadda za ta sauko muku daga jirgi yarinya ce mai ladabi da ba ta gardama, irin wadda ka daɗe kana addu'a, kuma ina ganin ba za ka ji daɗinta ba.

Makullin ɗakin waliyyin kuwa, Sirin ta bar wa Ummi shi, kamfanin ma bai san akwai shi ba. Duk Juma'a da hantsi tsohuwar nan sai ta yafa farin mayafinta, ta ɗauki kyandir, ta tsallaka shataletale tsakanin motocin siminti, masu gadi na yi mata sannu. Na gaji na tare ta a ƙofa. Na ce Ummi, ke da bakinki kika ce mini babu kowa a ɗakin nan, me kike zuwa yi? Ta gyara mayafi, ta dube ni kamar yadda take dubana tun ina ƙarama idan na kawo mata ilimin makaranta, ta ce, “Da ne babu kowa. Yanzu ai an yi binniya.” Juma'ar da ta wuce ni na riƙe mata ashana.

Ka gaishe mini da Munira, ka ce na gode da man shafawar. Ka gai da Nizar da Wasim, ka ce musu gwaggonsu ta ce su riƙa yi wa kakarsu magana da harshen da take ji. Ummi na gaishe ku, ta ce za ta ba Sirin yajin harisa da man zaitun ta taho muku da su, kuma ka daina durƙuso a kan siminti ba tare da matashi ba. Hisham ya ce in gaishe ka, ya faɗa yana kallon ƙasa. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. In ka tashi zuwa lokacin zafi, ka sanar da ni in zo in tarbe ka a tasha, don ba za ka gane hanyar gida ba.

Ƙanwarka,
Najat